Ra'ayoyin 'Yan Kallo Game da Hawa da Saukar Ingancin Finafinan Sadaukai

Gabatarwa

A cikin shekaru ashirin da suka shige, da wuya a sami wani nau'in fim da ya tara wa kamfanonin Amurka dukiya kamar finafinan sadaukai. Abin da ake nufi da sadauki a nan shi ne tauraron labari wanda aka ba shi wata baiwa da ta fi ƙarfin ɗan Adam, kamar tashi sama, ko ɗaga mota da hannu ɗaya, ko kuwa wanda dukiya da na'urori suka mayar da shi gagarabadau, yana sanye da wata shiga ta musamman, yana yaƙar azzalumai. Finafinan kamfanin Marvel kaɗai, waɗanda aka fara jerawa tun 2008, sun tara cinikin tikiti fiye da dala biliyan 30 zuwa shekarar 2024. Duk da haka, kukan da aka fi ji daga bakin masoya a 'yan shekarun nan shi ne cewa ba su san abin da za su tarar ba in sun shiga silima ko sun kunna waya. Yau a ba su fim ɗin da za su daɗe suna yabo, gobe kuma kamfanin nan dai ya ba su wanda za su yi da-na-sanin ɓata lokaci a kansa.

Manufar wannan maƙala ita ce a baje waɗannan ra'ayoyi, a dubi ma'aunan da masu su suke amfani da su, sa'an nan a nemi dalilan da suka sa ingancin yake hawa yana sauka. Za a haɗa da finafinai masu dogon zango, watau waɗanda ake sakewa kashi-kashi a kafofin kallo na intanet irin su Disney+ da Netflix, gama su ma suna cikin rigimar tsundum. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tushen matsalar yana cikin hanyar da ake bi wajen ƙera labaran, kuma masoyan kansu suna da nasu rabon a ciki.

Asalin Sadaukan da Shigarsu Fim

Waɗannan sadaukai sun samo asali ne daga mujallun labari cikin zane. Superman ya fara fitowa a 1938, ƙirƙirar wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster. Batman ya biyo baya a 1939, kuma su biyun mallakar kamfanin da ake kira DC ne a yau. Kishiyarsa, watau Marvel, ta bunƙasa ne daga 1961, lokacin da Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Fantastic Four, sa'an nan Lee da Steve Ditko suka fito da Spider-Man a 1962. Tun a can an saba da labarin da ba ya ƙarewa, wanda ake bi wata-wata, marubuci ya tafi wani ya karɓa, kuma sadaukin wannan mujalla yakan leƙa cikin labarin waccan.

Ya kyautu a lura cewa hawa da saukar nan tsohon abu ne. Fim ɗin Superman na 1978, wanda Christopher Reeve ya fito a ciki, ya sami karɓuwa ƙwarai, amma na huɗunsa da ya fito a 1987 ya faɗi warwas, har sai da aka yi shekara 19 kafin a sake ganin wannan sadauki a silima. Haka nan Batman na 1989 ya yi kasuwa, amma Batman & Robin na 1997 ya zama abin ba'a, aka jingine sadaukin har 2005.

Shekarar 2008 ce ta sauya al'amura. A cikinta ne The Dark Knight na Christopher Nolan ya fito, wanda ya sa manazarta suka fara ɗaukar wannan nau'i da daraja, har aka ba Heath Ledger lambar yabo ta Oscar bayan rasuwarsa. A cikinta ne kuma Iron Man ya fito, wanda ya buɗe wata sabuwar dabara ƙarƙashin jagorancin Kevin Feige: a yi finafinai da yawa, kowane da nasa tauraro, amma dukansu a cikin duniya ɗaya, domin wata rana a tara su wuri guda. Kamfanin Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kuɗi wajen dala biliyan 4. Daga 2008 zuwa 2019 an yi finafinai 23 a bisa wannan tsari, kuma Avengers: Endgame na 2019 ya tara kusan dala biliyan 2.8. Wannan zamani ne masoya suke waiwaye suna auna na yanzu da shi, ko da yake shi ma yana da nasa ragwaye, kamar Thor: The Dark World na 2013, wanda galibinsu ba su yaba ba.

Rabe-raben Ra'ayoyin Masoya

Masoyan nan bakinsu bai zo ɗaya ba. Idan aka bi muhawarar tasu a tsanake, ana iya kasa ta gida huɗu.

Rukuni na farko su ne masu cewa an ƙoshi. A ganinsu kome daɗin abinci in aka yi ta maimaita shi sai ya gundura, kuma labarin sadauki ɗaya ne kullum: ya sami baiwa, ya yi shakka, mugu ya taso, a gwabza, duniya ta tsira. Sukan kafa hujja da abin da Steven Spielberg ya faɗa a 2015, cewa wata rana waɗannan finafinai za su bi hanyar da finafinan kaboyi suka bi, watau su yi zamaninsu su shuɗe. Shekarar 2023 ta ƙarfafa musu gwiwa. A cikinta The Flash ya tara wajen dala miliyan 270 kawai, The Marvels kuwa ya tsaya a wajen miliyan 206, alhali Captain Marvel na 2019, wanda shi ne ya gada, ya haura biliyan 1.1.

Rukuni na biyu ba su yarda da wannan ba. Su cewa suke mutane sun gaji da lalataccen fim ne kurum, kuma duk ranar da aka yi mai kyau za su fito. Hujjarsu ita ma daga shekarar 2023 take. Guardians of the Galaxy na uku ya tara wajen dala miliyan 845, Spider-Man: Across the Spider-Verse kuma wajen miliyan 690, dukansu tare da yabon manazarta. A 2024 Deadpool & Wolverine ya haura biliyan 1.3.

Rukuni na uku su ne tsofaffin makaranta mujallun zane, waɗanda ma'auninsu shi ne riƙon amanar asali. Su ne suka fusata a 2013 sa'ad da Iron Man na uku ya mayar da Mandarin, wanda babban mugu ne a mujalla, wani ɗan wasan kwaikwayo mashayi da aka yi hayarsa ya yi basaja. Su ne kuma suka yi ta jayayya a shekarar nan a kan Man of Steel, inda Superman ya karya wuyan abokin gabarsa, abin da suke gani ya saɓa wa halin da aka san shi da shi.

Rukuni na huɗu kuwa rigimarsu ta shafi siyasar zamantakewa ta Amurka. Wasu suna zargin kamfanonin da cewa sun fi damuwa da sanya mata da baƙaƙen fata a gaba bisa ga gyara labari, wasu kuma suna mayar musu da cewa ƙiyayya ce suke lulluɓewa da sunan tarke. Abin da za a iya cewa a nan shi ne Wonder Woman na 2017 da Black Panther na 2018 sun yi gagarumar kasuwa tare da yabo, The Flash kuwa, mai farin namiji a gaba, ya faɗi. Saboda haka jinsin tauraro ko launinsa bai isa ya bayyana hawa da saukar ba.

Ma'aunan da Ake Amfani da Su

Wani abin da ke daɗa rura wutar gardamar shi ne ma'aunan sun sha bamban, kuma kowa yakan ɗauki wanda ya yi masa daɗi. Na farko shi ne na shafin Rotten Tomatoes, wanda ke tattara sharhin manazarta. Abin da yake ƙidayawa shi ne kashi nawa cikin ɗari na masu sharhi suka ce fim ya yi, kuma in an kai kashi 60 sai a ce ya haye. Watau fim ɗin da kowa ya ce ba laifi yana iya samun maki sama da wanda ya girgiza rabin manazarta, sauran rabin kuma suka ƙi shi. Na biyu shi ne makin 'yan kallo a shafin nan, wanda ya gamu da cikas a 2019, lokacin da wasu suka yi ta zuba suka a kan Captain Marvel tun bai fito ba. Wannan ya sa shafin ya hana sharhi kafin fitowar fim, daga baya kuma ya fifita makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Na uku shi ne na kamfanin CinemaScore, wanda ke tambayar mutane a bakin silima daren farko, su kuwa galibi riƙaƙƙun masoya ne. Na huɗu shi ne ciniki.

Waɗannan ma'aunai sau da yawa sukan saɓa wa juna. Eternals na 2021, wanda Chloé Zhao ta ba da umarni jim kaɗan bayan ta yi Nomadland da ya ci mata Oscar, shi ne fim na farko a jerin Marvel da ya kasa haye ma'aunin manazarta, amma fiye da kashi 70 na 'yan kallo sun ce ya gamshe su. Venom na 2018 ya sha suka daga yawancin manazarta, ya kuma tara fiye da dala miliyan 850. Thunderbolts na 2025 kuwa ya sha yabo, amma bai kai miliyan 400 ba.

Daga cikin alamun ciniki, wadda ta fi nuna zuciyar 'yan kallo ita ce faɗuwar mako na biyu. Makon farko talla ce da suna suke cika silima, na biyu kuwa abin da waɗanda suka gani suka gaya wa 'yan'uwansu ne. Batman v Superman na 2016 da Ant-Man and the Wasp: Quantumania na 2023 dukansu sun buɗe da ƙarfi, sa'an nan cinikinsu a Amurka ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari a ƙarshen mako na biyu. Game da masu dogon zango kuwa, babu tikiti, kuma kamfanonin ba su cika bayyana cikakken adadin masu kallo ba, don haka gardama a kansu takan rasa alƙali.

Dalilan Hawa da Sauka

Dalili na farko shi ne yawa. Tsakanin 2008 da 2019 Marvel ba ta taɓa fitar da fim fiye da uku a shekara ba. Amma a Nuwamba 2019 Disney ta buɗe kafarta ta Disney+, wadda ke rayuwa a kan kuɗin da mutane ke biya wata-wata, kuma mai biya ba zai zauna ba sai yana ganin sabon abu. Saboda haka a cikin shekara biyu kacal, 2021 da 2022, aka fitar da finafinai 7, da masu dogon zango 8, da wasu shirye-shirye na musamman guda 2. Shugabannin da ke duba aikin ba su ƙaru daidai da haka ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha bakwai. Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya amsa a 2023 cewa yawan ya raba hankalin ma'aikatansu, a 2024 kuma ya ba da sanarwar rage adadin zuwa fim biyu ko uku da masu dogon zango wajen biyu a shekara.

Dalili na biyu shi ne sarƙa labarai da juna. Dabarar da ta ɗaukaka Marvel ita ce ta koma ta zame mata ƙarfen ƙafa. A da, wanda ya tsallake fim ɗaya yana iya gane na gaba. Daga 2021 kuwa sai ya zamana wanda zai kalli Doctor Strange na biyu, na 2022, tilas ya san abin da ya faru a WandaVision mai kashi 9, in ba haka ba ba zai gane 'ya'yan da Wanda take nema ba. The Marvels ya jingina ne a kan taurari biyu da aka gina a cikin masu dogon zango daban-daban. Masoya sukan ce kallon ya koma jinga irin ta makaranta. Har wa yau, sarƙar takan cuci halayen taurari. A ƙarshen WandaVision an ga Wanda ta saki mutanen garin da ta tsare, ta haƙura da rashin da ta yi, amma a fim ɗin da ya biyo baya sai ga ta tana kisa ba ji ba gani, abin da ya sa da yawa suka ce an rushe ginin da aka yi. Kuma sarƙa in ta tsinke wuri ɗaya duka take shafa. An shirya finafinai da dama a kan wani mugu mai suna Kang, amma da kotu ta sami ɗan wasan da ke fitowa a matsayinsa, Jonathan Majors, da laifi a Disamba 2023, kamfanin ya sallame shi, tsarin duka ya sauya.

Dalili na uku, wanda shi ne mafi girma, shi ne sa ranar fitar da fim tun ba a gama rubuta labarinsa ba. Kamfanonin sukan shelanta ranakun finafinai shekaru kafin lokaci, sa'an nan a shiga ɗauka da rubutun da bai nuna ba, da niyyar a gyara daga baya ta hanyar sake ɗaukar wasu wurare. Justice League na 2017 misali ne bayyananne. Zack Snyder ya janye bayan rasuwar 'yarsa, aka kawo Joss Whedon ya ƙarasa da salon raha wanda bai dace da na farko ba, ba a kuma ɗaga ranar ba, fim ɗin ya fito kamar riga mai ɗinki biyu. A ɓangaren masu dogon zango, al'adar talabijin ta Amurka ita ce a sami marubuci guda wanda ke riƙe da ragamar shiri tun daga rubutu har tacewa. Marvel da farko ba ta bi wannan al'ada ba, ta ɗauki shirin tamkar dogon fim da aka yayyanka gida shida. Sakamakon shi ne abin da masoya suke yawan faɗa: farko ya yi armashi, tsakiya ta yi ja, ƙarshe kuma a tattara kome cikin gaggawa da faɗa. Secret Invasion na 2023, wanda aka ba da rahoton ya ci fiye da dala miliyan 200, ya sha irin wannan suka, musamman kashinsa na ƙarshe. A shekarar nan ne kamfanin ya dakatar da tsarin Daredevil: Born Again bayan an ɗauki wani sashe nasa, ya sauya marubuta, ya koma ga al'adar marubuci mai riƙe da ragama. Shirin bai fito ba sai a Maris 2025. A can DC kuwa, James Gunn, wanda aka naɗa tare da Peter Safran a 2022, ya sha faɗin cewa ba za a fara ɗaukar fim ba sai rubutunsa ya kammala.

Dalili na huɗu ya fito ne daga na uku. Yawancin abin da ake gani a waɗannan finafinai siddabarun kwamfuta ne, wanda ɗaruruwan ma'aikata ke zanawa hoto bayan hoto. Idan aka sauya labari ana saura 'yan makonni, su ne za su rushe aikin watanni su sake. Masoya sun yi ba'a ga fuskar tauraruwar She-Hulk tun daga tallar shirin a 2022, haka kuma ga wasu wurare na Quantumania da The Flash. A 2022 ma'aikatan wannan fanni da dama suka fito suna kuka da ƙurewar lokaci da yawan sauye-sauye, a Satumba 2023 kuma waɗanda ke aiki kai tsaye da Marvel suka jefa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago. Shekarar nan ce kuma marubutan Holiwud suka yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa suka yi na kwana 118, abin da ya daɗa hargitsa jadawalin.

Abin da Nagartattun Suka Yi Tarayya a Kai

Idan aka jera waɗanda masoya da manazarta suka haɗu a kan yabonsu, za a ga kowannensu yana da jigo guda wanda za a iya faɗa ba tare da ambaton baiwar sadaukin ba. Logan na 2017 labarin tsufa ne da ɗawainiyar kula da dattijo mara lafiya, har aka sa shi cikin takarar Oscar ta rubutu. Black Panther yana tambaya ne ko ya dace wata ƙasar Afirka mai arziki ta ɓoye kanta alhali danginta suna shan wuya a waje, kuma mugun labarin yana da hujjar da ta girgiza sarkin kansa. Ya ci Oscar uku, ya kuma shiga takarar gwarzon fim na shekara. WandaVision labarin makoki ne, an zuba shi cikin salon wasannin barkwanci na talabijin, kowane kashi da zamaninsa. The Penguin na 2024, mai kashi 8, labarin kwaɗayin mulki ne na wani ɗan daba da dangantakarsa da mahaifiyarsa, kuma Batman bai fito a ciki ba ko sau ɗaya. A cikin waɗannan duka, faɗan da ake yi yana fitowa ne daga jigon, kuma labarin yana da ƙarshe nasa na kansa.

Amma fa kada a ɗauka sakar wa darakta mara shi kaɗai magani ne, kamar yadda wasu masoya suke zato. Taika Waititi ne ya yi Thor: Ragnarok na 2017 da aka yaba, shi ne kuma ya yi Thor: Love and Thunder na 2022 da aka ce raharsa ta yi yawa har ta kashe labarin. Patty Jenkins ce ta yi Wonder Woman na farko da na biyu, na 2020, wanda bai kama ƙafar na farkon ba. Todd Phillips ya yi Joker na 2019, wanda ya haura dala biliyan 1 ya kuma ci babbar lambar bikin finafinai na Benis a Italiya, sa'an nan ya yi na biyunsa a 2024, wanda ya tsaya a wajen miliyan 200, 'yan kallon daren farko suka ba shi makin D. Wannan yana nuna cewa nasarar farko takan jawo a yi na biyu ko da babu sauran abin faɗa.

Rabon Masoya a Cikin Lamarin

Masoya suna da ƙarfi, kuma kamfanonin suna sauraron su. Shekaru suka yi suna neman a saki Justice League kamar yadda Snyder ya tsara shi, har aka kashe wajen dala miliyan 70 aka ƙarasa shi, ya fito a Maris 2021 da tsawon awa huɗu, kuma galibi sun ce ya fi na 2017. Sai dai hayaniyar intanet ba kullum take nuna gaskiyar kasuwa ba. A 2022 mutane suka yi ta yi wa Morbius na kamfanin Sony yabon gatse, kamfanin ya mayar da shi silima karo na biyu, ya sake faɗuwa.

Akwai kuma saɓani tsakanin abin da masoya suke faɗa da abin da suke saye. Suna kuka da maimaici, amma Spider-Man: No Way Home na 2021, wanda babban abin jan hankalinsa shi ne dawo da tsofaffin 'yan wasa biyu da suka taɓa riƙe matsayin, ya tara wajen dala biliyan 1.9. Deadpool & Wolverine shi ma a kan tuna baya aka gina shi. Kamfani kuwa ciniki yake karantawa, saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka shelanta a Yuli 2024 cewa Robert Downey Jr., wanda taurarinsa ya mutu a Endgame, zai dawo a matsayin mugun nan Doctor Doom. Bugu da ƙari, sakin shiri mako-mako yakan ba masoya damar gina nasu hasashe. A lokacin WandaVision da yawa sun tabbatar wa kansu cewa wani shaiɗani mai suna Mephisto zai bayyana, da bai bayyana ba sai suka ɗora wa shirin laifin alkawarin da bai yi ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa masu cewa an ƙoshi da masu cewa inganci ne ya faɗi kowannensu ya riƙe wani sashe na gaskiya. Shekarar 2025 ta nuna haka: Superman na James Gunn ya sha yabo ya haura dala miliyan 600, The Fantastic Four: First Steps ya haura miliyan 500, amma babu wanda ya kusanci cinikin 2019. Mai kallo ya daina zuwa don sunan kamfani kawai, ya koma jiran ya ji daga bakin wanda ya gani. Wannan sauyi yana da nauyi, gama fim ɗin da ya ci dala miliyan 200 ko fiye in ya faɗi yakan tafi da ayyukan mutane masu yawa, kamar yadda aka ga kamfanin Warner ya soke Batgirl a 2022 bayan an kashe masa wajen miliyan 90.

Ga ɗalibin adabi, abin lura shi ne ƙorafin waɗannan masoya, in an tace shi, yana komawa ne ga abubuwan da ake duba kowane ƙagaggen labari da su: ko jigo ya fito, ko zubi da tsari sun tafi daidai, ko taurari sun tsaya a kan halinsu, ko salo ya dace da abin da ake faɗa. Yawan kuɗi da ƙwarewar kwamfuta ba su ɗauke wa labari waɗannan sharuɗɗa ba. Masu shirya finafinan Hausa, waɗanda su ma a 'yan shekarun nan suka karkata ga masu dogon zango a talabijin da YouTube, suna fuskantar irin wannan gwaji na ci gaba da labari saboda yana kawo kuɗi bayan abin faɗa ya ƙare. Nazarin yadda 'yan kallonsu suke auna zango da zango fage ne da ya cancanci manazarta Hausa su shiga.